Zanen Zumunta

Da Dokas ta san abin da ɗaurin gwaggwaro zai jawo mata, da ta bar hannayenta a aljihu ranar bikin al'adu.

Wurin aikinta wani gidan kula da tsofaffi ne a unguwar Barking ta London. Su suka kawo ta daga Zonkwa, su ne kuma ke riƙe da bizarta. Wannan ba abin da take mantawa ba ne ko tana barci. Ranar da gidan ya ce ba ya bukatarta, ƙasar ma za ta fara shirin cewa haka, kuma ba ita kaɗai za ta tattara ba. Akwai 'yarta Eunice, wadda ke shirin jarrabawar gama sakandare, wadda zamanta a London ke rataye da na uwarta. Mijin Dokas ya rasu tun kafin su taho, saboda haka ba wani a bayanta da za ta jingina da shi.

Ranar bikin al'adun, kowane ma'aikaci ya zo da wani abu na ƙasarsu. Dokas ta kwaso ragowar atamfofi, ta bi tsofaffin matan nan ɗaya bayan ɗaya tana naɗa musu ɗauri. Tsohuwar da ba ta tuna sunan ɗanta ba sai ga ta tana kallon madubi tana gyara zama. Aka yi ta tafi. Daɗin yabo ya kwashi Dokas, bakinta ya buɗe, ta shiga ba su labarin anko. Ta ce a gida in ana aure, duk mai ƙaunarka zane iri ɗaya zai ɗaura. Har da ƙarin gishiri ta yi, ta ce wanda bai ɗaura ba, to kowa ya san inda ya tsaya. Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Cikin masu dariyar akwai Gemma, Baturiya, babbar ma'aikaciyar benen da Dokas ke aiki. Ita ta koya wa Dokas sarrafa injin ɗaga tsofaffi daga gado. Ita ta cire kwat ɗinta ta ba ta a sanyin farko, da ta gan ta tana rawar ɗari cikin wata 'yar suwaita da ta saya a kasuwar Kafanchan. Ranar da Dokas ta ɓace a tashar Stratford tana kuka kamar yarinya, Gemma ce ta baro gidanta ta je ta ɗauko ta. Dokas na son ta, so na gaskiya. Ta kuma daɗe da sanin cewa da mace Gemma take zaune, amma ta ajiye wannan sanin a wani lungun zuciyarta da ba ta leƙawa.

Ba a yi nisa ba Gemma ta tare ta a ɗakin shan shayi, fuskarta cike da murna, ta ce ita da Lauren, matar da suke zaune tare, za su yi aure in an shiga bazara.

"Irin abin nan naku nake so," in ji ta da Turanci. "Duk ma'aikata mu sa zane iri ɗaya. Kuma ke za ki ɗaura mini, ki ɗaura wa Lauren. Ba na son kowa ya taɓa kaina sai ke."

A abin da aka raini Dokas a kai, kuma abin da ta gaskata har cikin ƙashinta, aure tsakanin namiji da mace yake. A wurinta ɗaura wa amarya ba kwalliya ba ce kawai. Wadda ta ɗaura maka ta sa maka albarka ke nan, ta ce ta yarda. Sai ta ce wa Gemma bari ta duba.

Ta yi ta dubawa har mutane suka fara duba ta. Duk wanda ya shigo shan shayi sai ya tambaye ta wane launi ta zaɓa. Wata ma'aikaciya ta ce mata cikin raha, tana juya cokali a kofi, tana fata dai Dokas ba irin mutanen nan ba ce. Ba ta faɗi waɗanne mutane ba, ba a kuma bukatar ta faɗa. A bara akwai wani ɗan Uganda da ya faɗi ra'ayinsa a kan irin wannan maganar, a wannan ɗakin, da muryar da ba ta ma tashi ba. Aka kira shi ofis, aka sake kiransa, daga nan ba a ƙara ganinsa ba. Babu wanda ya ce an kore shi, babu kuma wanda ya ce shi ya tafi. Kofinsa mai hoton gicciye yana nan a kan kanta har yanzu, ba mai shan shayi da shi, ba kuma wanda ya jefar. Duk sanda Dokas ta miƙa hannu ɗauko nata sai ta haɗa ido da shi.

Mutum ɗaya ce a gidan take jin Hausa, Amamata, 'yar zangon Kumasi da ke aiki a ɗakin wanki. Ta daɗe a London, ta ga masu zuwa ta ga masu komawa. Hausarta irin ta can ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Dokas ta same ta tana ninke zannuwan gado, ta zayyana mata komai.

"Sister Dokas, ka ji ni da kyau," in ji Amamata, ba ta ko ɗago kai ba. "Ni Musulmi ne, ni ma na san abin da littafi ya ce. Amma nan London bakina yana cikin bag. Ranar biki ka ce kana da shift. Ko ka ce ciki yana ciwo. Shi ke nan."

"Ai ƙarya ke nan, Amamata."

"Ƙarya ƙarami ne."

"Kuma ɗaurin fa? Ai ba za ta yarda ba, za ta ce a yi mini swap ɗin shift ɗin."

"To ka yi ciwon hannu." Ta ɗago ta dube ta. "Kai kana da yaro a school. Ni na gaya maka."

Dokas ta fita ranta a jagule. Ba ta son ƙarya, ba ta kuma son ta ga fuskar Gemma sa'ad da za ta ji gaskiya.

Majami'arsu ta Hausa wani zaure ne da suke haya a saman shagon kafet a Stratford, kuma sai da rana suke samunsa, bayan wasu 'yan Angola sun gama tasu sujadar. Saboda haka ranar Lahadi Dokas kan yi aikin safe, ta canja jirgin ƙasa a West Ham, ta ɗaura zanenta a banɗakin zauren. Wannan Lahadin ta mata ce. Duk matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'ar, sun fito cikin zanensu iri ɗaya, shuɗi mai hoton kurciya da fitila, sun cika gefen hagu. Hita ta lalace, sanyi na shiga ta ko'ina, sai Dokas ta bar rigar sanyinta ta wurin aiki a kan zanen, da sunan gidan tsofaffin a rubuce ɓaro-ɓaro a ƙirji.

Da aka zo lokacin shaida da roƙon addu'a ta miƙe. Allah ya sani ba ta tashi da niyyar komai ba sai neman a taya ta addu'a. Kuma wa zai ji? Hausa ce, a saman shagon kafet, a tsakiyar London. A ganinta harshen kansa ya isa katanga.

Ta fara a hankali. Ta ce akwai wata yarinya a wurin aikinta, Gemma, wadda ta yi mata alherin da ko 'yar'uwa sai haka. Ta ce yarinyar za ta auri mace, ta kuma nemi ta ɗaura mata, ita kuwa ba za ta iya ba, domin a wurinta aure na namiji da mace ne kamar yadda aka rubuta. Mata suka ce amin. Wata ta buga tulun kiɗa sau ɗaya. Uwar zumunta, Mama Rifkatu, ta ɗaga hannu ta ce, "Faɗi, 'yata, kada ki ji tsoro."

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban matan zumunta ya san yadda amin ɗinsu ke tura mutum gaba. Muryar Dokas ta tashi. Ta ce ko za a yanka ta ba za ta sa hannunta a wannan ƙazantar ba. Zauren ya ɗauka da halleluya, caki ya kaɗa. Tana komawa kujera kalmar ta dawo mata, domin Gemma ce ta faɗo mata a rai, tana cire kwat a bakin ƙofa. Abin da ta gaskata bai canja ba, amma ta so a ce ba da wannan kalmar ta faɗe shi ba. Wayoyi kuwa suna sama tun daga farko, kamar kullum. Babu sujadar da matan nan ba sa ɗauka su aika gida, don 'yan'uwa su ga ba a bar Allah ba a ƙasar Turawa.

A tsakiyar makon manajar gidan, Misis Hollis, ta kira ta ofis. Mace ce marar hayaniya, wadda ba a gane fushinta sai ta fara magana a hankali fiye da kullum. Ta ce an aiko mata da bidiyo ta imel, ba suna. Ta ce a ciki Dokas na sanye da rigar gidan, ana kuma jin sunan Gemma a fili, mai aikowar kuma ya rubuta cewa a tambaye ta abin da take faɗa game da bikin. Ta ce ita ba ta jin harshen, saboda haka za a zauna ranar Juma'a da wanda yake ji. Kafin nan, Dokas ta koma aiki a benen ƙasa.

Dokas ta fito. A tashar bas ta kira Mama Rifkatu ta gaya mata.

"Ki tsaya da ƙarfi," in ji Mama. "Wannan gwaji ne. Kada ki musunci Ubangijinki a gaban mutane, kin ji ko? Za mu yi azumi a kanki."

"Mama, in suka yi terminating ɗina fa? Visa ɗina a hannunsu take."

"Wanda ya kawo ki ba zai bar ki ba."

Maganar gaskiya ce, Dokas ba ta musa ba. Sai dai fasfon Mama Rifkatu na Ingila ya daɗe da tsufa a durowa, 'ya'yanta duk a nan aka haife su, ba kuma wanda zai iya cewa ta tattara.

Da yamma ta tarar da Eunice ta baje littattafai a kan teburin cin abinci, tana ta lissafin makarantar da za ta shiga in ta ci jarrabawa. Yarinyar na jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ta dubi uwarta ta ce, "Mum, are you okay?" Dokas ta ce gajiya ce kawai. Ta tsaya a kicin tana kallon ƙeyar 'yarta, tsoro ya cika ta har ta kasa cin abincin da ta dafa.

Ranar Juma'a ta shiga ofis ta tarar da mutum uku. Misis Hollis na bayan tebur. Gemma na gefe, idanunta sun yi ja, ita ta roƙa a bar ta ta zauna tunda maganarta ce. Ta ukun Amamata ce, da rigar aikinta, ta haɗa hannaye a cinya. Ba ta kalli Dokas ba.

Misis Hollis ta ce ta fi son a gama maganar nan a cikin gida. In ta gamsu, an rufe. In ba ta gamsu ba, sai ta tura hedkwata, can kuwa ba ta da iko da abin da za su yanke. Sannan ta juya ga Amamata ta ce, a hankali ƙwarai, ta sani cewa wannan bincike ne, kuma duk ma'aikacin da ya faɗi abin da ba haka ba a bincike, aikinsa ya ƙare a ranar. Amamata ta gyaɗa kai.

Aka kunna bidiyon.

Dokas ta zaci muryarta ce za ta fi tayar mata da hankali. Ashe ba ita ba ce. Inda aka ɗauki hoton ne. Ba daga gaba ba ne inda dattawa ke zama, ba kuma daga gefen maza ba. Daga hagu ne, kusa da ita, daga cikin kujerun mata. A ƙasan hoton ana ganin gwiwar mai ɗaukar, an rufe ta da zane shuɗi, rabin kurciya ya fito. Ɗaya daga cikin matan da suka ce mata amin ce. Kuma tunda dukansu zane ɗaya suka ɗaura, wannan gwiwar ta kowa ce.

Misis Hollis ta tsayar da bidiyon bayan jimlolin farko. Amamata ta fassara daidai, cewa akwai wata yarinya Gemma da ta yi mata alheri kamar 'yar'uwa. Gemma ta sunkuyar da kai. Aka ci gaba. Dokas ta ji kanta tana cewa ba za ta iya ba, aure na namiji da mace ne. Ta rufe ido tana jira.

"Ta ce yarinyar za ta yi aure," in ji Amamata da Turancinta mai kauri. "Ta ce an nemi ta ɗaura mata, tana tsoron ba za ta iya yi da kyau ba, saboda ba ta taɓa ɗaura wa Baturiya ba. Gashin yana santsi."

Dokas ta buɗe ido. Aka sake kunnawa. Muryarta ta tashi a cikin ɗan ƙaramin ofishin, ko za a yanka ta, ga kalmar nan ta fito tiryan-tiryan, ga halleluya ta biyo baya.

"Nan fa?" in ji Misis Hollis. "Kamar ranta a ɓace yake."

"Haka suke addu'a," in ji Amamata. "Da ƙarfi. Ta ce ko za ta mutu sai ta yi wannan aikin. Ta ce su roƙi Allah ya sa biki ya yi kyau."

Misis Hollis ta daɗe tana kallon hoton da ya tsaya, fuskar Dokas a murtuke, yatsa a sama. Ba wawuya ba ce. Amma gidan na fama da ƙarancin ma'aikata, ita ma kuma ba ta son hedkwata a wuyanta. Ta juyo.

"Dorcas, abin da kika faɗa ke nan?"

Tun daga daren Laraba Dokas ta shirya amsarta. Ta yi niyyar cewa eh, ta faɗi abin da ta gaskata, ta nemi gafarar Gemma a kan kalmar da ta yi muni, ta ce tana son ta amma ba za ta ɗaura ba, sai abin da Allah ya yi. Ta maimaita wannan a jirgi, ta maimaita a banɗaki. Ba ta san ko za ta iya ba in lokacin ya zo, amma ta shirya. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne wannan. Yanzu in ta faɗi gaskiya, ba kanta da Eunice kaɗai ta jefa ba. Ga Amamata a zaune, wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, da 'ya'yanta da hayar gidanta, ta riga ta sa wuyanta. Dokas ta ji haushinta, haushi mai zafi, ta kuma ji wani sanyin sauƙi yana ratsa ta, sai kunyar wannan sauƙin ta fi komai ci mata rai.

"Haka ne," in ji ta.

Gemma ta fashe da kuka, ta taso ta rungume ta. Ta roƙi Dokas ta yafe mata, ta ce ita ce ta yi saurin zarginta, ta kwana tana tunanin mutumin da ta ɗauka 'yar'uwa yana ƙyamarta. Dokas ta tsaya ƙiƙam cikin hannayenta, tana jin ƙanshin sabulun gashinta.

Misis Hollis ta rufe kwamfutarta. Ta ce a wurinta magana ta ƙare. Suna bakin ƙofa ta ƙara da cewa, ba tare da ta kalli kowa ba, ita dai ba ta san wanda ya aiko ba. In mutumin ya ga dama ya tura hedkwata kai tsaye, su tafinta suke ɗauka na musamman.

A lungun da ke zuwa ɗakin wanki Dokas ta cim ma Amamata.

"Ban roƙe ki ba," ta ce.

"Na sani."

"Kin sa ni na musunci Ubangijina a gaban mutane."

"Ni ban sa ka ba. An tambaye ka, ka amsa." Amamata ta tura ƙofa da kafaɗa. "Ni Eunice na gani, shi ya sa. Yanzu wuyana yana hannunka, naka yana hannuna. Ka je church ɗinku ka duba wanda ya yi video. Shi yana jin Hausa pass ni."

Abin da Dokas ta wuni tana yi ke nan ranar Asabar, tana bin matan ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta. Ko wadda ta nemi aiki a gidan tsofaffin ba ta samu ba? Ko wadda suka taɓa sa-in-sa a kan girkin Kirsimeti? Ko matar nan mai shiru da ke zama a ƙarshen layi, wadda ɗanta ya daina zuwa sujada, ba ta kuma taɓa faɗin dalili ba? Duk wadda ta ɗauko sai ta tuna wani alherin da ta taɓa yi mata. Waɗannan matan su suka kwana da ita a asibiti da Eunice ta yi rashin lafiya. Ta kasa tsayar da ko ɗaya, ta kuma kasa wanke ko ɗaya.

Ranar Lahadi da safe, tana shirin tashi daga aiki, Gemma ta zo da leda. Ta ce ta gaji da jira, ta je wani shagon 'yan Afirka ta zaɓo da kanta. Atamfa ce ruwan ɗorawa mai ganye-ganye, kuma gaskiya ta iya zaɓe. Ta ce Dokas ce ta fara samu, domin ta gwada ɗaurin a gida, kada santsin gashi ya ba ta tsoro. Ta yi dariya. Dokas ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta tura cikin jaka.

A matakalar zauren Stratford ta cire rigar sanyin aiki, ta ninke ta yadda sunan ba zai fito ba, ta danna ta a kan atamfar, ta ja zif. Ta gwammace sanyin. Ba ranar mata ba ce, amma saboda azumin da aka yi dominta Mama Rifkatu ta ce kowa ta zo da zanen zumunta. Gefen hagu ya yi shuɗi daga farko har ƙarshe. Suna ganinta suka yi ta yi mata barka, wannan ta riƙe hannunta, waccan ta shafa bayanta. Ta bi fuskokinsu da kallo. Duk fara'a ce.

Ta zauna ta sa jakar tsakanin ƙafafunta. Ba ta ji karatun ba, ba ta ji wa'azin ba. Addu'arta ɗaya ce, a tsallake lokacin shaida. Ba a tsallake ba.

Mama Rifkatu ta miƙe ta ce, "'Yan'uwa, kun san 'yarmu Dokas ta shiga ramin zakuna a makon nan. Ga ta nan a gabanku, ko ƙwarzane babu, aikinta na hannunta. Taso, 'yata. Faɗa mana yadda kika tsaya, da abin da kika ce musu."

Dokas ta miƙe. Kafin ta kai gaba wayoyi sun riga sun tashi, layi bayan layi, kowace a saman gwiwa mai zane shuɗi. In ta ce ta tsaya, ta yi ƙarya a gidan Allah, akwai kuma wadda ke jiran wannan maganar ta tura. In ta faɗi abin da ya faru, ta ambaci Amamata ke nan a gaban wayar da ba ta san ko wacce ce ba. Eunice na zaune a baya cikin matasa, tana yi mata murmushi.

A al'adar matan zumunta, mai shaida takan fara da waƙa kafin magana. Dokas ta ɗaga wata gajeriyar waƙar godiya da kowa ya sani. Mata suka amsa, tulu ya shiga, caki ya biyo. Da aka kai ƙarshe aka yi shiru ana jiranta, sai ta sake ɗagawa daga farko. Suka amsa da ƙarfi, suna cewa Ruhu ne ya sauko mata. Ta kai ƙarshe, ta sake. Ta kuma sakewa. Mai buga tulu ta fara yarfa hannu, amsawar ta yi ƙasa, fasto ya dubi agogon bango, Mama Rifkatu ta ce a hankali, "To, 'yata, muna ji." Muryar Dokas ta dishe, hawaye na bin kumatunta, ta ja numfashi ta sake ɗaukowa daga farko. Wasu matan sun gaji sun sauke wayoyinsu. Wasu ba su sauke ba.